Ƙodar Auta

A gidanmu ba a faɗa da hannu, da aya ake yi. Mahaifinmu ya yi shekaru yana aikin mai bishara kafin gwiwoyinsa su gaza, kuma ya raine mu yadda ko gishiri ya yi yawa a miya sai wani ya lalubo inda Littafi ya taɓo maganar. Ni ce babba, tela ce ni, kuma ni kaɗai ce ayoyin ba su zauna mini a ka ba. Bakin kawai na gada. Daga ni sai Dogo, mai walda. Daga shi sai Auta, malamin firamare, wanda ke jan waƙa a coci ranar Lahadi har tsofaffin mata su riƙa share hawaye da bakin mayafi. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa.

Dogo ne ƙodarsa ta mutu, duka biyun. Abin ya fara da kumburin ƙafa, har takalmin aikinsa ya ƙi shiga, yana ta cewa tsayuwa ce ta yi yawa. Kafin mu ankara an kwantar da shi, an huda masa hannu, an ce daga yanzu sai wankin ƙoda. Matarsa na fita aiki don yaran su ci, saboda haka ni nake rufe shago in raka shi. Ɗaki ne mai tsawo, kujeru a jere kamar na wurin aski, kowace da injinta a gefe yana tsotse jinin mutum ta wata roba yana maido masa ta wata. Akwai talabijin a bango da ba a taɓa buɗe muryarta ba. Mutumin da yake kafa kai a bokiti ya sha ruwa idan ya gama walda, yanzu ƙanƙara ake ba shi ya tsotsa. Ina kallonsa ina juya kai don kada ya ga idona.

Likitar ƙodar, wata mace mai ƙaramar murya da ba ta ɓata magana, ta ce wankin jinkiri ne kawai, maganin shi ne dashe. Ta ce a yi da wuri tun zuciyarsa na da ƙarfin ɗaukar aiki. Aka gwada mu. Ni ciwon suga ya fitar da ni. Baba tsufa. Matar Dogo jininsu bai zo ɗaya ba, ta yi kuka a barandar asibiti kamar an yi mata mutuwa. Auta kuwa ya dace da shi kamar an yanko su daga yadi ɗaya.

Da aka gaya wa Auta sai ya ce zai yi addu'a a kai. Na ce madalla, wa zai hana ɗan mai bishara addu'a? Na ɗauka kwana biyu ce. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, addu'a ba ta ƙare ba.

Surukar Auta, wato uwar matarsa, ita ke jagorantar wata ƙungiyar addu'a da ke taruwa a falonta. Suna da wata hanya tasu da suke kira shimfiɗa ulu. Sun ɗauko ta daga labarin mutumin nan na Littafi da aka aike shi yaƙi ya ji shakka, ya shimfiɗa ulun tunkiya a masussuka ya ce idan da safe ulun ya jiƙe da raɓa ƙasa kuma a bushe, to ya san Allah ne ya aike shi. Haka aka yi. Bai gamsu ba, ya sake roƙo a juya abin, ulu a bushe ƙasa a jiƙe, aka sake yi masa. A wurin 'yan ƙungiyar nan, idan babbar shawara ta taso maka, sai ka zaɓi alama, ka gaya wa shaida mutum ɗaya tak, shi kuma ya kama bakinsa. Idan shaida ya fasa maganar, alama ta lalace, don hannun mutum ya shiga. Da haka suke zaɓen gidan haya, da haka suke aurar da 'ya'ya.

Wata rana da rana tsaka Auta ya shigo shagona. Ina kan keke ina haɗa hannun wata riga, ya ɗauke tarin yadi daga benci ya zauna, ya ce ya zaɓe ni in zama shaidarsa domin kowa ya san ba na ƙarya. Na ce ba ƙarya ce ba na yi ba, haƙurin yin ta ne ba ni da shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Idan Yaya Dogo ya buɗe baki da kansa ya ce in ba shi, to na san daga Allah ne. Washegari zan je asibiti."

Na ɗauke ƙafa daga keken. Dogo fa! Dogo da ƙarfe mai zafi ya taɓa faɗo masa a ƙafa ya tako har gida yana ɗingishi don kada ya ce wa maƙwabcin shagonsa ya rage masa hanya. Dogo da ko a teburin abinci ba ya cewa a miƙo masa ruwa, sai ya tashi ya ɗauko. Tun muna yara ban taɓa jin kalmar roƙo ta fito daga bakinsa ba, kuma Auta ya fi kowa sanin haka, don shi Dogo ya yi wa ɗawainiyar makaranta ba tare da ya taɓa ambata ba. Na gaya masa a fuskarsa cewa ya zaɓi ƙofar da ya tabbata a kulle take. Ya ce ai shi ya sa ta zama alama, abin da mutum zai iya yi da kansa ba ya bukatar Allah. Ya ce da shi da murmushinsa mai sanyi, irin na masu jan waƙa. Na ji kamar in maka masa dutsen guga.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci muka taru a ɗakin Baba, har da surukar, don Baba ya ji ƙishin-ƙishin ana shimfiɗa ulu a kan ɗansa. Ba a gaya masa mece ce alamar ba, amma jin cewa akwai ta ya ishe shi. Yana zaune a kujerarsa ta roba mai hannu, sandarsa a tsakanin ƙafafu, ya fara. Ya ce Ubangiji da kansa, da aka kai shi kan hasumiya aka ce ya diro mala'iku su tare shi, ƙi ya yi, domin ba a gwada Allah. Ya ce masu biɗar alama an kira su mugun zamani. Ya ce tsohon firist ɗin nan da aka yi masa albishir da ɗa ya tambayi ta yaya zai tabbata, bebe aka mai da shi har matarsa ta haihu.

Surukar ba ta da tsawo amma ba a ture ta. Ta ce to mai ulun fa, sau biyu ya roƙa kuma ba a tsawata masa ba. Ta ce sarkin da ya kwanta ciwo ya nemi inuwa ta koma baya, ta koma. Ta ce almajirin Ubangiji da ya ce sai ya taɓa tabon ƙusa, an miƙa masa hannu ya taɓa. Baba ya ce an miƙa masa, amma an gaya masa waɗanda ba su gani ba sun fi shi albarka. Ta ce ta ji, amma an miƙa masa. Sai ta fito da ayar da ta zo da ita a ɓoye. Ta ce akwai wani sarki da annabi ya je har inda yake ya ce ya roƙi alama, ko daga sama ko daga ƙasa, sarkin ya noƙe ya ce shi ba zai gwada Allah ba, annabi ya ce masa ya gajiyar da mutane yanzu kuma yana gajiyar da Allah. Ta ce ashe akwai ƙin roƙon da ba tsoron Allah ba ne, gudun amsa ne.

Baba ya riƙa murza kan sandarsa. Littafi ɗaya ne a hannunsu, bugu ɗaya ma, kowa na jan nasa gefen kamar masu rabon gado. Ni dai abin da nake gani shi ne agogon bango, da tunanin cewa gobe da sassafe za a sake huda hannun Dogo.

Da suka watse na tsaya. Na ce wa Baba ya bar zancen sarakuna, ya kira Auta ya ce masa je ka ba ɗan'uwanka. Auta bai taɓa tsallake maganarsa ba. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Duka biyun nawa ne," ya ce. "Idan na tura wannan aka yanka shi bai tashi ba fa?"

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, a lokaci ɗaya. Na ɗauki jakata na fita ban yi masa sallama ba.

Washegari a ɗakin wanki na fasa maganar. Ba na nadama, kuma ba zan yi ba. An ba ni amanar da ran ƙanena ke ciki, aka ce in zauna a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Na jira ma'aikaciyar jinya ta gama liƙa masa robobin ta wuce, na matso da kujera na gaya masa komai. Dogo ya kafa wa talabijin ido har aka gama wankin. A hanyar gida ya ce shi ba zai roƙi yaron da ya goya a kafaɗa ba. Na ce to ya je ya gaya wa 'ya'yansa haka. Na bi shi da wannan maganar kwana da kwanaki, na san inda ke masa ciwo kuma can nake dannawa. Babbar 'yarsa tana shirin jarrabawar fita sakandare, ƙaramin ko haƙoran gaba bai gama sakewa ba. A ƙarshe ya ce in kira masa Auta.

A shagonsa aka haɗu, wanda ya daɗe a rufe. Ƙofofin ƙarfe da bai ƙarasa ba suna jingine a bango sun fara tsatsa, gilashin fuskarsa na walda a rataye a ƙusa. Dogo ya zauna a kan injin walda domin tsayuwa na ba shi wuya. Auta ya shigo da rigarsa ta makaranta, alli a hannun rigar. Dogo ya goge tafin hannunsa a wando kamar zai gaisa da babban mutum.

"Auta, ka taimake ni ka ba ni ƙodarka. Ina roƙonka."

Muryarsa ta fito kamar ana jan ƙarfe a siminti. Na ga abin da maganar ta ci masa, kunnuwansa har rawa suke. Auta kuwa bai dube shi ba. Ni ya juyo ya duba.

"Yaya Babba, ke kika gaya masa?"

Na ce ni ce, sai me? Ya roƙa ko bai roƙa ba? Auta ya girgiza kai a hankali, ya ce hannun mutum ya shiga, alama ta lalace. Ya ce kada Yaya Dogo ya ɗauka ƙi ya yi, shi dai so yake ya tabbata, kuma mai ulun ma sau biyu ya roƙa Allah bai yi fushi ba. Ya ce zai sake shimfiɗawa, wannan karon da wani shaidan. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, har masu shagunan gefe suka leƙo. Dogo ya dafa bango ya miƙe, ya jira muka fita, ya ja ƙofar shagon ya sa kwaɗo.

Daga bakin matar Auta na ji wanda aka ɗauka shaida na biyu. Baba ne. Na tafi wurinsa a fusace. Ya ce shi bai yarda ya zama shaidar kowa ba, yaron ne ya durƙusa a gabansa ya faɗi maganar kafin ya toshe kunne. Na ce to tunda ta shiga kunnen, ya raɗa mini. Ya ce idan ya faɗa ya shiga cikin gwajin ke nan, ya zama ɗaya da su, kuma ni ma na ga abin da faɗar farko ta haifar. Na ce ashe shi da bai yarda da ulu ba shi ne ya fi kowa tsare shi. Ya ce in fita masa daga ɗaki. Na fita, amma washegari sai ga shi a ɗakin wanki da sandarsa, ya zauna kusa da Dogo yana karanta masa zabura. Haka ya riƙa zuwa kowane wanki, maganar na cikinsa.

Ni kuma na koma kamar mahaukaciya ina cankar alama. Na tura yaran Dogo su je su gaishe da Auta ko ita ce. Na sa matar Dogo ta durƙusa wa surukar. Na ɗinka wa Auta riga kyauta, ni da na rantse ba zan ƙara kallonsa ba. Na ja Dogo zuwa coci na zaunar da shi a layin gaba yana haki. Auta ya karɓi rigar ya yi godiya, ya ce ta yi masa daidai.

Damina ta shigo ta fita. Dogo ya daina iya kwanciya, sai a jingine da filo yake barci, don ruwa na taruwa masa a ƙirji. Fuskarsa ta yi wani irin toka-toka. Wata rana numfashi ya sarƙe masa aka kwantar da shi a asibiti. Da yamma lokacin ziyara muna wurin, ni da Baba, sai ga Auta da ledar lemo, abin da likita ta hana Dogo tun farkon ciwon. Ya ajiye a kan durowa, ya ce mu rufe ido. Ya fara addu'a da muryar nan tasa mai daɗi, yana roƙon Allah ya bayyana nufinsa a sarari, ya buɗe idon bayinsa. Masu jinya na gadajen gefe har suna cewa amin.

"Auta, ya isa."

Dogo ne. Ya ɗaga robar iskar da ke hancinsa don maganar ta fita sosai.

"Ka riƙe ƙodarka. Ko ka kawo ba na so. Ka daina wahalar da kanka da zuwa."

Auta ya buɗe ido. Na ga jini ya bar fuskarsa. Ya zube a ƙasa ya kama ƙarfen gadon yana kuka yana cewa ita ce, ita ce. Da ƙyar muka gane abin da yake faɗa. Ashe juya abin ya yi, kamar yadda mai ulun ya juya nasa. Na farko ya ce idan Dogo ya roƙa. Na biyu ya ce idan Dogo, mai tsananin bukata, ya buɗe baki da kansa ya ce ba ya so, to babu sauran shakka. Ya ce Baba ne shaida, a tambaye shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce haka ne, abin da yaron ya gaya masa ke nan, kalma da kalma.

Ba zan ɓoye ba, tsigar jikina ta tashi. Babu wanda ya gaya wa Dogo, ni kaina ban sani ba. Auta na ta rantsuwa cewa gobe da safe zai kwanta a yanka shi, kuma a karon farko na ga da gaske yake. Na fara cewa mun gode Allah. Sai na lura Dogo ba Auta yake kallo ba, Baba yake kallo.

Ya tambaye shi tun yaushe ya sani. Baba ya ce tun ranar. Ya tambaye shi ko duk zaman da yake yi kusa da shi yana karanta zabura ya san kalmar da za ta tashe shi daga kujerar nan. Baba ya ce ya sani. Dogo ya gyaɗa kai, ya maida robar hancinsa, ya juya fuska bango. Auta ya ce Yaya Dogo bai ji ba ne? Allah ya amsa.

"Kai ya amsa wa," in ji Dogo. "Ni abin da na faɗa, na faɗa."

Mun ɗauka fushi ne na kwana ɗaya. Ba mu san Dogo ba ke nan, mu da muka tashi tare da shi. Auta ya je wurin likita shi kaɗai ya ce a shirya, ta ce ba a yi wa mutum dashe da ƙarfi, sai mai ciwo ya yarda. Sai ga ayoyin nan sun juya kansu sun nufi Dogo. Surukar ta zo da 'yan ƙungiyarta suka kewaye gadonsa, ta ce wanda ya ga alama ya ƙi bi ya fi wanda bai gani ba laifi. Baba, wanda ya ce neman alama aikin mugun zamani ne, ya zo ya ce wa Dogo tunda dai ta zo kada ya taurare zuciya. Dogo ya yi wata dariya da ta ƙare da tari, ya ce wa Baba ya zaɓi ɗaya mana. Baba ya fita yana share ido da hularsa.

Ni ban kawo masa aya ba, ba ni da ita. Bayan an sallame shi na same shi a gida a jingine da filo uku, na zauna a bakin gadon na ce ya tsine wa Auta idan yana so, ya daina gaishe da Baba, ni ma ya daina yi mini magana, amma ya karɓi abin. Ƙoda ba ta san dalilin da ya sa aka bayar da ita ba. Ya ce ita ba ta sani ba, shi ya sani. Ya ce ya buɗe baki ya roƙi ƙanensa, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, aka duba fuskata aka ce masa a jira. Ya ce yanzu da za a ba shi, ba don shi ba ne, don an ci caca ne. Na ce 'ya'yansa fa? Ya rufe ido, hawaye na bin gefen kunnensa. Na tashi na shiga kicin ɗinsu na yi nawa kukan a kan tukwanen da ba a wanke ba.

Auta ya rame. Ya daina jan waƙa. Kullum bayan an tashi makaranta sai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidan Dogo, ba a ce ya shigo ba, ba a ce ya tafi ba. Watanni aka yi a haka. Na tsane shi, amma ganinsa a dakalin nan da jakar littattafan 'yan aji a cinya ya fara karya mini zuciya.

Wata ranar Asabar ina yanke wa Dogo farce, sai Auta ya turo ƙofa ya shigo ba sallama. Bai zo da Littafi ba, bai ce a rufe ido ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Yaya Dogo, tsoro na ji. Tun ranar da likita ta ce ni ne, ban ƙara barcin kirki ba. Wuƙar nake tsoro. Na zaɓi abin da na san ba za ka yi ba, sau biyun duka. Ba Allah nake jira ba."

Dogo ya zare hannunsa daga nawa.

"To me ya hana ka faɗa? Ni ma da tsoron zan ji."

Auta ya durƙusa a gaban gadon ya kifa kai a katifa. Dogo ya ɗora masa hannun nan mai tabon allura a ƙeya ya bar shi a wurin. Can ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, in kira likita in ce mata ya yarda. Na fita tsakar gida da wayar, matar Dogo ta karɓa ta danna lambar.

Aka sake gwaje-gwaje daga farko, don an daɗe. Aka ɗebi jinin Auta, komai nasa lafiya lau. Aka kai Dogo wani ɗaki aka shafa masa mai a ƙirji aka ɗauki hoton zuciyarsa. Ranar karɓar sakamako mu huɗu muka shiga ofishin likita: Dogo a keken marasa lafiya, Auta na tura shi, Baba da sandarsa, sai ni. Ofishin ƙarami ne, kujera biyu kawai, na tsaya a jikin ƙofa. Auta har ya zo da jakar kayansa, wai ko za a ce ya kwanta a ranar.

Likitar ta juyo mana da allon kwamfuta ta nuna wani abu mai motsi a hankali. Ta ce zuciyar ta buɗe, ta yi laushi, ba ta tura ko rabin abin da ya kamata. Ta ce idan aka sa shi barcin tiyata ba zai farka ba, babu likitan da zai taɓa shi a haka. Za a ci gaba da wanki iya yadda jikin zai ɗauka. Auta ya ce a ba shi magani zuciyar ta farfaɗo, shi zai jira. Ta ce za a ba shi magani, amma kada ta yaudare mu, irin wannan ba ta komawa.

Ta cire tabarau ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ba da faɗa ta yi tambayar ba, da gaske so take ta sani. Ta ce tun bara ga mai bayarwa a hannu, ya dace, lafiyarsa ƙalau, a lokacin kuma zuciyar nan za ta ɗauka. Me ya tsayar da mu?

Auta na riƙe da hannun keken har jijiyoyinsa sun fito. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na nemi ko ɗaya na rasa. Dogo ne ya amsa mata, a hankali, yana tsayawa ya ja numfashi.

"Addu'a muke yi, likita."

Ta gyaɗa kai ta ce hakan na da kyau, mu ci gaba da yi. Ta rubuta masa magunguna ta miƙo mini takardar, ta ce idan mun fita mu turo mata na gaba.